Allurar Rigakafin Karnuka a Ƙasar Noman Rani ta Kura da Bunkure



Na san da yawa daga cikin waɗanda suka ga kan maganar nan a allon sanarwa sun yi murmushi, wasu ma watakila sun ce a ransu, duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasar nan a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai kare? Ban ga laifinsu ba. A wurin Bahaushe kare shi ne ma'aunin wulaƙanci, in an so a muzanta mutum da shi akan haɗa shi, in an ga abu ya yi arha ƙwarai sai a ce ko kare ba zai ci ba. Duk da haka ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin kuwa maganar da zan yi, ko da yake da kare ta fara, a kan ran ɗan Adam za ta tsaya, musamman ran yaran ƙauye waɗanda ba su da wakili a irin wannan zaure.

Bari in fara da wurin. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, da ya wuce kilomita 30 da 'yan kai zai ga ƙasa ta sake kama. A baya ya bar ƙura da busasshen kara, a gabansa kuwa shinkafa ce da alkama da tumatir da albasa da masara, kore shar iyakar ganin ido. Wannan albarkar madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Kashi na farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Masana sun yi rubuce-rubuce masu yawa game da arzikin da ruwan ya kawo, da kuma sauro da tsargiya da suka biyo bayansa. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne, ruwan da ya tara mutane ya tara dabbobi ma.

Inda hatsi ba ya yankewa duk shekara, ɓera da gafiya ba sa yin nisa, inda kuma ake yanka kullum ana zubar da tarkace, kare ya sami wurin zama. Manomin da ya bar injin ban-ruwa a bakin gona yana bukatar mai gadi wanda ba ya neman albashi. Mafarauta suna da nasu karnukan, waɗanda suke ji da su fiye da yadda ɗan birni zai zata. Fulani kuma da rani ya yi sukan gangaro da shanu neman ruwa da harawa, karnukansu na biye. Ku haɗa wannan da 'yan ci-rani, da motocin tumatir da ke cika Kwanar Gafan dare da rana, da fataken karnuka masu bin ƙauyukan Arewa suna saye suna kai wa kasuwar Dawaki a ƙasar Kanke ta Jihar Filato, za ku ga wannan yanki mahaɗa ce. Karen Bunkure yau yana iya yin faɗa da karen da ya kwana a Rano jiya, wanda shi kuma makon da ya wuce yana wata jiha. Cutar da cizo ke yaɗa ta ba abin da take so kamar irin wannan zirga-zirga.

Cutar da nake nufi ita ce haukan kare. Wata ƙwayar cuta ce ta jinsin bairas, wadda take fitowa cikin miyan dabbar da ta kamu, ta shiga jikin wani ta hanyar cizo, ko yagushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe. Ba ta bin jini kamar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Jijiyoyi take bi a hankali, tana hawa har ta isa laka da ƙwaƙwalwa, sa'an nan ta sauko cikin miyau don ta sami wanda za ta koma wa. Wannan tafiya tata kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, gwargwadon nisan wurin cizon daga kai. A duk tsawon wannan lokaci mutum lafiyarsa ƙalau, ciwon ma ya warke har an manta da shi. Sai wata rana wurin ya fara ƙaiƙayi ko zogi, zazzaɓi ya biyo, sai firgita da rashin barci, sai mutum ya ji ƙishirwa amma da an miƙo masa ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe, ko iska ce ta taɓa fuskarsa sai ya zabura. In har aka kai nan, to, likita ba shi da abin yi sai sassauta wahala, domin kusan duk wanda alamun suka bayyana a jikinsa ba ya tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 59,000 ne wannan cuta ke kashewa kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma a cikin kowane 100 da suka kamu har 99 daga kare suka same ta. Kimanin kashi 40 bisa 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙauye. Yaro shi ke wasa da kwikwiyo, shi ke jifan kare, shi ake aika da abinci gona, shi ke sammako korar tsuntsaye a shinkafa yana bin kunyar gona shi kaɗai. Tsawonsa kuma daidai bakin kare, saboda haka cizon kan same shi a fuska ko wuya ko hannu, watau inda tafiyar ƙwayar zuwa ƙwaƙwalwa ta fi gajarta. In kuwa ɗan yagushi ne, sai ya ɓoye don gudun faɗa. Bayan wata biyu in ciwo ya tashi, wa zai tuna da kare? Sai a ce iska ce ta buge shi a bakin ruwa, ko jifa aka yi masa, a yi ta hayaƙi da rubutu har rai ya yi halinsa, a binne shi ba tare da sunansa ya shiga littafin kowane asibiti ba. Don haka in wani jami'i ya ce muku a ƙaramar hukumarsa ba a taɓa kawo rahoton wannan cuta ba, ku tambaye shi wa aka ɗora wa alhakin kawowa.

Dabbobin gida ma ba su tsira ba. Saniya ko jaki ko tunkiya in mahaukacin kare ya cije ta takan kamu, kuma a nan akwai wani haɗari da makiyaya ya kamata su sani. Saniyar da ta kamu takan yi ta dalala tana kasa haɗiya, sai mai ita ya zaci wani abu ne ya maƙale mata a wuya, ya zura hannu cikin bakinta yana lalube, alhali hannun manomi ba ya rasa tsaga. Kazalika ba kowane kare mai ciwon ne ke yin faɗa ba. Akwai wanda yakan yi shiru, haɓarsa ta saki, ƙafafunsa su mutu, ya koma gefe ya kwanta. Wannan shi ne yara suka fi tausaya wa su je su taɓa.

Abin takaici a cikin al'amarin nan shi ne maganinsa ya daɗe da samuwa. Tun ranar 6 ga Yuli, 1885, Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allura bayan kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. A ƙasar nan an rubuta labarin cutar a jikin mutum tun 1912, a jikin kare kuma 1925. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda ta kafu a 1924, ta fara yin allurar rigakafin karnuka tun 1956, watau kafin mu sami mulkin kai. Ƙasar Meziko, wadda ita ma tana da ƙauyuka da talakawa da karnuka masu yawo, ta dage da yi wa karnukanta allura kyauta shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cizon kare ya daina kashe mutane da wannan cuta a can. A 2015 ne manyan hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka sa 2030 ta zama shekarar da za a kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya, Nijeriya ma ta fito da nata tsarin a 2022. A takarda dai ba abin da ya rage.

Kada kuma wani ya ce irin wannan aiki ya fi ƙarfin mutanenmu. A nan birnin Kano aka yi taron shugabannin aikin dabbobi na ƙasashen Afirka a 1961, wanda ya haifar da babban gangamin allurar bushiya da aka fara a 1962. Kakanninmu sun ga malaman dabbobi suna bin ruga-ruga suna yi wa shanu allura suna yi musu alama a kunne. An yi sakaci daga baya, cutar ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi mummunar ɓarna, aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka sanar da cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Bafulatani ya kawo saniyarsa ne domin ya san abin da zai yi asara. Aikin da ke gabanmu shi ne mai kare ma ya gane abin da ke cikin tasa asarar, wadda ba a sayen madadinta a kasuwa.

Yanzu bari in zo kan lissafin, domin nan ne hujjar take. Binciken da aka yi a ƙauyukan Tanzaniya da wasu wurare ya nuna cewa karen da ya haukace, kafin ya mutu, a matsakaicin lissafi kare 1 ko 2 kacal yake iya sa wa. In an kwatanta da ƙyanda, wadda yaro ɗaya kan sa wa fiye da 10, za a ga cutar nan igiyarta siririya ce, tsinka ta ba wuya. Shi ya sa masana suka tsaya a kan cewa in aka yi wa kashi 70 bisa 100 na karnukan wuri allura, aka maimaita kowace shekara, cutar za ta rasa inda za ta taka ta mutu da kanta. Me ya sa sai an maimaita? Mu ɗauki misali. A ce wani ƙauye a ƙasar Bunkure yana da kare 100, aka yi wa 70 allura. A cikin shekara a ce 30 daga cikin karnukan ƙauyen sun mutu ko an sayar ko sun ɓata, aka haifi 30 a madadinsu. Waɗanda ke da allura yanzu sun koma 49. In aka tsallake shekara guda sai su koma 34, daga nan kuwa katanga ta rushe. Gangamin shekara ɗaya da ba a bi bayansa ba, kuɗin jama'a ne aka zuba a rairayi.

Wannan lissafin shi ne kuma amsar masu cewa a huta da wahala, a kashe karnukan kawai. An gwada wannan a ƙasashe da dama bai yi amfani ba. In aka fito da bindiga ko aka watsa nama mai guba, karen da ya saba da mutane shi ke fara mutuwa, watau wanda ya fi sauƙin kamawa a yi masa allura, ko ma wanda aka riga aka yi wa. Masu karnuka kuma sai su ɓoye nasu ko su kai su wani ƙauye, in akwai mai ɗauke da cutar ya tafi da ita. Bayan 'yan watanni kowa ya samo sabon kwikwiyo marar allura, domin injin ban-ruwa yana nan yana bukatar gadi. Ga kuma guba a ƙasar da ruwa ɗaya ke ratsa gonaki da garuruwa, inda mushen da aka jefa a magudana a sama zai bi ta inda yara ke wanka a ƙasa. Galibin karnukan da muke kira na banza ma suna da gidan da suke komawa da dare. Ku tambayi yaran unguwa, za su gaya muku na wane ne.

To, kwiyakwiyai fa? Kwikwiyo yana samun kariya ta farko daga dakashin uwarsa a ranar haihuwa, kamar yadda ɗan maraƙi ke samu. Wannan kariya tana raguwa a hankali cikin makonni, kuma muddin tana da ƙarfi takan hana allura kamawa. Matsalar ita ce ba wanda ya san ranar da za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo, saboda haka likitocin dabbobi suka tsara a fara allurar haɗin cututtuka yana ɗan mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 3 ko 4, har ya kai mako 16. Ta haukan kare kuwa a al'ada yana ɗan wata 3 ake yi, amma a lokacin gangami shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a bar kowane kwikwiyo a baya komai ƙanƙantarsa, domin ba a san ranar da masu allura za su dawo ba, kuma shi ne kullum a hannun yara. Allura ba ta kamawa a ranar da aka yi ta, takan ɗauki makonni kafin jiki ya ginu, kuma ba ta warkar da karen da ciwo ya riga ya bayyana a jikinsa.

Wannan allurar haɗi tana kare kwikwiyo daga cututtukan da mafarauta suka sani sarai ko da ba su san sunansu na boko ba. Akwai wadda ake kira fabo, mai sa amai da gudawar jini mai ɗoyi, wadda kan share 'ya'yan karya gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Sabuwar cuta ce, a 1978 ta ɓulla, ta game duniya cikin shekara biyu, kuma ƙwayarta kan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba, shi ya sa gidan da ta taɓa shiga in an kawo sabon kwikwiyo shi ma sai ya bi sahu. Akwai distamfa, mai fara wa da kwantsa da majina da tari, daga baya ta taɓa ƙwaƙwalwa kare ya riƙa karkarwa da farfaɗiya, har a ɗauka hauka ne. Ita ce a 1994 ta kashe kusan kashi ɗaya bisa uku na zakunan dajin Serengeti a Tanzaniya. Akwai ciwon hanta na karnuka. Waɗannan uku ba sa kama mutum. Ta huɗun kuwa, wadda zan kira cutar fitsarin ɓera, tana kama mutum da kare duka. Ƙwayarta tana fitowa cikin fitsarin ɓera da wasu dabbobi, ta zauna cikin ruwan da ya kwanta da laka, ta shiga ta tsagar ƙafa, ta taɓa ƙoda da hanta. A ƙasashen Asiya an daɗe da saninta da ciwon manoman shinkafa. Duk wanda ya ga yadda ake dashen shinkafa a Kura, ƙafa ba takalmi cikin ruwa tun safe har azahar, ya san yanayin da take so ke nan.

Wani zai ce, in fabo da distamfa ba sa kama mutum, ina ruwanmu? Ku koma kan lissafin ƙauyen nan mai kare 100. Abin da ke rushe katanga shi ne yawan mutuwa da yawan sauyi. Karen da ya rayu shekara 6 da allurarsa a jiki garkuwa ce ta shekara 6, wanda ya mutu yana ɗan wata 5 kuwa ya tafi da allurar da aka yi masa, an kawo wani a gurbinsa. Bugu da ƙari, maharbin da ka ceci 'ya'yan karyarsa daga gudawar jini ba sai ka roƙe shi ya kawo su allurar hauka ba. Sai dai a ganina kada a haɗa nauyin biyu wuri guda. Allurar haɗi tana da tsada, galibi daga waje ake shigo da ita, amfaninta kuma na mai kare ne, saboda haka shi ya kamata ya biya. Ta haukan kare kuwa amfaninta na ɗan maƙwabci ne da ɗan mai wucewa, don haka haƙƙin hukuma ne ta yi ta kyauta. Ranar da aka ce sai manomi ya biya kuɗin da ya kai na buhun taki kafin a yi wa karensa allura, ranar aka yi sallama da kashi 70 ɗin nan.

Sai maganar sanyi. Allurar nan ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 da 8, kada ta yi zafi kada kuma ta daskare, alhali a watan Afrilu zafin ƙasar Kano kan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Allurar da ta kwana uku a aljihun babur, ko aka saya a kan tebur a kasuwa, tana iya zama ruwa kawai, kuma ta fi rashin allura haɗari, domin in karen ya ciji yaro sai a ce ai an yi masa. A nan akwai labarin da ya kamata ya sa mu alfahari da kunya a lokaci guda. Wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A 2016 masu bincike a Tanzaniya suka nuna cewa wata allurar karnuka mai suna Nobivac ba ta rasa ƙarfinta ba bayan wata 3 a zafin digiri 30, daga baya suka ɗauki wannan dabara ta tukunya suka gina ma'ajin allura a ƙauyukan da ba lantarki. Ba kowace allura ce ke jure haka ba, sai wadda aka gwada, amma ga tambaya ga 'yan'uwana masu karatun kimiyya da injiniya: yumɓu da magina tukwane a Tanzaniya kaɗai suke?

Ba zan tsallake maganar addini ba, tun da na san tana ran wasu. Ni ba malami ba ne, amma abin da muka koya tun a makarantar allo da zaure shi ne shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne a kan kansa. Duk wanda ya ajiye dabba an ɗora masa ciyar da ita da hana ta cutar da mutane. Ban ga yadda mutum zai ci amfanin gadin kare ba, sa'an nan in an zo maganar allura ya ce shi ba ya taɓa kare. Amma wannan magana daga bakin liman ta fi kyau, kuma mun ga darasi a rigakafin shan inna. Da aka raina shakkun jama'a, aikin ya tsaya a Jihar Kano daga 2003 zuwa 2004, da aka koma ta hannun sarakuna da malamai kuwa ya tafi, har a 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Za ku ji masu cewa allura tana kashe zuciyar kare ko tana hana shi haihuwa. Ba ta yin ko ɗaya, amma maharbi ba zai yarda da ɗalibi mai riƙe da takarda ba sai ya ga karen sarkin baka an yi masa a gaban jama'a, kuma ya fita farauta ya kamo zomo kamar kullum.

In kuwa cizo ya riga ya auku, abu na farko ruwa ne da sabulu. A wanke wurin sosai har minti 15, ana zuba ruwa yana gudana, sa'an nan a sa aidin in akwai. Sabulu yana lalata ƙwayar, wanda toka da barkono da ƙonannen gashin kare ba sa yi. Kada a ɗaure wurin tamau, kada a yi gaggawar ɗinke shi. A ranar a tafi asibiti a fara allura, a kuma cika ta a ranakun da aka faɗa, kada a daina don an ga ciwo ya warke. In cizon mai zurfi ne, ko a fuska ko a hannu, akwai wata allura ta biyu da ake yi a cikin ciwon kansa. Tsoron da tsofaffi ke yi na allurai barkatai a kewayen cibiya labarin da ne, ta yanzu a dantse ake yi, sau kaɗan ne kuma. Shi kuwa karen, in ana iya tsare shi ba tare da wani ya shiga haɗari ba, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci. In ya cika kwanakin nan lafiya lau, to lokacin da ya yi cizon babu cutar a miyansa. Amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara wa mutum allura. In dole ta sa aka kashe shi, kada a fasa kan, kada a feɗe shi, a kira malamin dabbobi ya aika da kan cikin ƙanƙara a gwada.

Yayyenmu ma'aikata, yawancin abin da ya rage a hannunku yake. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, ranar da Pasteur ya rasu, ana bikin yaƙi da wannan cuta tun 2007, kuma sau da yawa bikin kan ƙare ne a birni, da jawabai da riguna masu tambari da allurar 'yan karnukan masu hali. Mai gona a ƙasar Bunkure ba zai ɗauki karensa a babur ya kai birni ba. Ni a ganina lokacin da ya dace a wannan yanki shi ne hunturu, Disamba zuwa Janairu, sa'ad da zafi ya sauka, Fulani sun iso, mafarauta kuma suna shirin shiga daji, a yi aikin da sassafe a ƙofar gidan dagaci. Tsarin noman ranin ma ya riga ya raba ƙasar sashe-sashe, kowane sashe da ƙungiyar masu amfani da ruwa da shugabanninta, waɗanda suka san kowace gona da mai ita. Wanda ke iya tara manoma don yashe magudana yana iya sanar da su ranar allura. Kowane kare da aka yi wa a shafa masa fenti a goshi, a ba mai shi takardar shaida, washegari a zaga a ƙirga masu fenti da marasa shi, don a san ko an kai 70 ɗin ko ba a kai ba. Sa'an nan ma'aikacin asibiti da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ɗaya su riƙe lambar wayar juna, duk ranar da aka kawo wanda kare ya ciza ɗaya ya sanar da ɗaya kafin rana ta faɗi, domin karen da ya ciji yaro ɗaya da wuya a ce shi kaɗai ya ciza.

Mu kuma ɗalibai, namu shi ne ƙidaya, domin ba mai iya rubuta kasafin allura bai san yawan karnuka ba. Ina ba shugabannin ƙungiya shawara, a hutun da ke tafe kowane ɗalibi ɗan ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ya ɗauki unguwarsu ko ƙauyensu, ya fara da gaida mai unguwa ya nemi izininsa, sa'an nan ya bi gida-gida da littafi. Ya rubuta kare nawa ne a gidan, nawa ne kwiyakwiyai, aikin me suke yi, yaushe aka taɓa yi musu allura, kuma ko an ciji wani a gidan cikin shekarar da ta wuce, da abin da aka yi masa. Kada a manta da rugage da bukkokin bakin gona. In mun dawo sai mu haɗa littattafan, mu kai kwafi ɗaya sashen aikin gona na kowace ƙaramar hukuma, ɗaya kuma ga hakimi. Masu son shiga aikin su ba sakatare sunayensu da sunan ƙauyensu kafin a tashi.